Daga ƙoramun Babankatami zuwa ƙanƙarar Turai: Yadda ake karanta dutse kafin a taka shi

A watan Agustan 2024, wasu motoci biyu ɗauke da 'yan kasuwa da suka tashi daga birnin Tawa zuwa cin kasuwar Telemses sun iske ƙorama ta kawo a kan hanya. Ruwan ya yi awon gaba da su, mutum fiye da 50 suka rasu a rana guda. Labarin ya zaga wayoyin jama'a na 'yan kwanaki, aka yi ta'aziyya, daga nan ya nutse cikin sauran labaran daminar. Kafin ruwan waccan shekara ya ɗauke, hukumomin Nijar sun ƙirga mamata sama da 300 a faɗin ƙasa, ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, an kuma ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga watan Oktoba.

Telemses tana arewa da Tawa ne. To amma a gabashin jihar, a gundumomin Buza da Keita da Madawa, babu wanda zai ce labarin baƙo ne a kunnensa. Mutumin Babankatami, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na gundumar Buza, in zai kai kaya kasuwa ko mara lafiya asibiti a watan malka, ƙoramun da ke tsakani yake fara ƙirgawa kafin ya yi lissafin tsawon hanya. Tambayar da ke bakin kowa kafin a tashi ita ce: ta kawo ko ba ta kawo ba?

Akwai wani yanki na duniya da ya shafe shekara 80 yana amsa irin wannan tambaya a rubuce, kullum, ga duk mai son ji. A tsaunukan Alps na Turai, abin da ke gangarowa daga dutse ya binne mutane dusar ƙanƙara ce, sai dai hanyar da suke bi su auna hatsarin ta yi kama ƙwarai da abin da dattawan Adar ke yi da ido. Batun kuma ya shafi matasanmu ta fuska biyu. Na gida suna ƙetare ƙoramu duk damina, wasu daga cikin waɗanda suka tafi bida kuwa ƙafa ta kai su cikin ƙanƙarar kanta.

Ƙasar da ba ta shan ruwa

Duwatsun Adar ba dogaye ba ne. Wanda ya hau samansu zai ga fili ne shimfiɗaɗɗe kamar tebur, jar marmara da tsakuwa, sai fako mai tauri inda ko ciyawa da ƙyar take kamawa. A bakin filin sai ƙasa ta yanke, gangare ya sauka zuwa jigawa, daga jigawa zuwa fadama, inda gonaki da garake da rijiyoyi suke. Ruwan da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma kaso mai yawa na sauka ne cikin 'yan manyan hadura.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan hadari ya zubar da milimita 40 a kan fili mai faɗin kilomita ɗaya da tsawon kilomita ɗaya, lita miliyan 40 ke nan. In fako ya ƙi shan rabi, lita miliyan 20 za su nemi hanyar gangara, wato abin da zai cika tankoki fiye da 600 masu ɗaukar lita 30,000. Daga kilomita ɗaya kacal ke nan, alhali ƙorama guda na tara ruwan kilomita da dama. Shi ya sa wurin da yara ke wasa a kan busasshen yashi da hantsi zai iya fin ƙarfin raƙumi kafin la'asar, ko da ɗigo ɗaya bai faɗi a garin ba.

Shi ma dutsen ba tsaye yake wuri ɗaya ba. Marmarar da ke samansa tana zaune ne a kan shimfiɗu masu laushi, yumɓu da farin dutse irin wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa. Ruwa na cin mai laushin ta ƙasa, mai taurin ya rage a rataye, wata rana ya ɓalle. Manyan duwatsun da ake gani zube a gindin gangare, kamar wani ne ya watsa su, ta haka suka sauko. Haka bakin ƙorama yake yi: ruwa ya rarake gindin gaɓa, sama ta tsage, gona ko katanga ta rufta. Mai karatu ya riƙe wannan siffa ta abu mai tauri da nauyi a kan abu mai rauni, domin za mu sake haɗuwa da ita a Turai.

Mutanen da suka tashi a waɗannan ƙauyuka suna da nasu alamomin. Ba saman kansu suke duba ba, sai sashen da ƙoramar ta fito: in hadari ya yi baƙi a can, ko an ga walƙiya a kan duwatsu da dare, an san ruwa na tafe. Akwai rugugin da ake ji daga nesa kamar na babbar mota. Akwai launin ruwan, domin wanda ya zo ja jawur da kumfa da karmami da kashin dabbobi sabon zuwa ne, bai gama hawa ba. Wasu kan kafa kara a bakin ruwa su zauna su ga ko zai nutse ko zai fito. A kan gangare kuma, sabuwar tsaga a ƙasa, itacen da ya karkata ba iska, ko ruwa mai laka da ke tsattsafowa daga gindin gaɓa, duk suna cewa a janye dabbobi a kuma ɗauke shimfiɗa daga wurin. Ilimi ne na gaske. Matsalarsa ɗaya ce, yana cikin kawunan mutane, kuma direban da ya taso daga Madawa ko Tawa bai da hanyar sanin abin da tsohon da ke can saman ƙorama ya gani.

Duwatsun da matan Keita suka jera

An taɓa tunkarar wannan matsala da gaske, daga tushenta. A 1984, shekarar farin da mutanen yankin ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan shekara aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na gudanarwa, hukumar samar da abinci ta duniya kuma na biyan ma'aikata da hatsi da mai. Tun da maza sun tafi cin rani, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka mata ne.

Dabarar ita ce a tare ruwa tun daga sama. A kan fako aka yi kunyoyi masu layin duwatsu, aka farfasa ƙasa don ta sha. A jikin gangare aka haƙa ramuka a jere, kowane da itacensa. A cikin ƙoramu aka gitta ragar ƙarfe cike da duwatsu, aka gina madatsai da ke baza ruwa cikin fadama maimakon ya yanke ta. An dasa miliyoyin itatuwa, an farfaɗo da dubban hektoci. Can kudu a kwarin Majiya, wanda ruwansa ke bi ta wajen Birnin Ƙonni ya ƙare a tafkin Kalmalo na Najeriya, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro tare da ƙungiyar CARE domin tare iska. Tassa da rabin wata, waɗanda yau kowane manomin Adar ya sani, su ma aikinsu ke nan, su hana ɗigon ruwa gudu.

Sai dai ragar ƙarfe na tsatsa, madatsa na cika da yashi, kamar yadda ta Ibohamane ta yi asarar babban ɓangare na cikinta. Gini mai shekara 30 ko 40 da ba a gyara ba yana iya zama tarko, saboda mutane sun saba da shi, sun yi gonaki da gidaje a ƙarƙashinsa. Kuma ko da duk gine-ginen na nan lafiya, ba sa gaya wa kowa ko yau ranar ƙetarewa ce. Turawan Alps ma sun kafa shingayen ƙarfe a saman garuruwansu sun kuma dasa dazuzzuka, amma ba su tsaya nan ba.

Inda aka mayar da karatun dutse lamba

Dusar ƙanƙara ba dunƙule ɗaya ba ce. Duk saukar da ta yi shimfiɗa ce a kan ta baya, kamar an jera tabarmi. Wata shimfiɗar iska ta daddale ta ta yi tauri. Wata kuma, wadda ta kwana a fili cikin dare mai tsananin sanyi, ƙwayoyinta kan koma kamar sukari, ba sa manne wa juna. Idan mai tauri ta hau kan mai kama da sukari a jikin gangare, an samu abin da muka gani a bakin dutsen Adar. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta ƙasan, tsagar ta ruga ta ko'ina cikin ƙiftawar ido, faifan da ya kai faɗin filin ƙwallo ya zame gaba ɗaya. Gudunsa kan wuce kilomita 100 a awa, in ya tsaya kuma sai ya daskare kamar siminti. Wanda ya binne ko hannu ba ya iya motsawa.

Bincike a ƙasashen Alps da Amurka ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda zaftarewar ƙanƙara ke rutsawa da su, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita. A tsaunukan Alps kaɗai tana kashe kimanin mutum 100 a shekara.

Suwizalan ta fara nazarin abin a kimiyyance a 1936, a kan wani tsauni da ke saman garin Davos, inda cibiyar SLF ta samo asali. Daga 1945 cibiyar ta fara fitar da sanarwar hatsari ga jama'a. Hunturun 1950 zuwa 1951, wanda ya kashe mutum 98 a ƙasar, shi ya sa aka ƙara yawan masu sa ido da gine-ginen kariya. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai hawa biyar: 1 hatsari kaɗan, 2 matsakaici, 3 mai yawa, 4 babba, 5 mafi girma, kowane da launinsa daga kore zuwa ja mai duhu. A Suwizalan sanarwar na fita da ƙarfe 5 na yamma, a sabunta ta da 8 na safe, ta faɗi lambar, ta faɗi daga wane tsayi hatsarin ya fara, da gefen dutsen da ya fi muni. A Faransa hukumar yanayi ta Météo-France ce ke fitar da irinta.

Wani abin lura shi ne, kusan rabin mace-macen ba a hawa na 4 ko na 5 suke aukuwa ba, a na 3 ne. In lamba ta kai 5 kowa na gida, an rufe hanyoyi, wani lokacin an kwashe unguwanni. Ranar 3 kuwa rana na haskawa, dutsen ya yi kyau, mutum ya ga kamar zai iya. Direbobin Adar za su gane wannan. Ƙoramar da ta cika ta batse ba wanda ke shigarta. Wadda ta kai gwiwa, ake gardama a bakinta, ita ke cin mutane.

Lambar ta yanki ce, ba ta gangare ɗaya ba, don haka mai shiga daji sai ya yi nasa karatun. Abu na farko shi ne tsayuwar gangaren. Mafi yawan zaftarewa na tashi ne daga gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45. Digiri 30 ya yi kusa da matakalar bene, 45 kuma shi ne inda duk taku ɗaya gaba sai ka hau taku ɗaya sama. Ba dole sai kana kansa ba, tsayawa a ƙarƙashinsa ma shiga hatsari ne. Na biyu shi ne sabon nauyi: dusar da ta kai santimita 30 cikin kwana guda abin tsoro ce, in da iska ma ƙasa da haka ya isa, domin iska na kwashe ta daga gefe ɗaya ta jibge a ɗaya gefen. Na uku zafi ne. In gari ya ɗumama kwatsam ko ruwan sama ya sauka a kan dusa, sai ta jiƙe ta saki, dalilin da ya sa a watannin Maris da Afrilu masu hawa ke fita da asuba su dawo kafin azahar.

Shi ma dutsen yana ba da nasa gargaɗin. Sabuwar zaftarewa a gangaren maƙwabta ita ce shaida mafi ƙarfi. Sai tsagar da ke gudu daga ƙarƙashin ƙafar mutum, da wani sauti mai zurfi kamar an buga babban ganga a cikin ƙasa, alamar shimfiɗa mai rauni ta rufta. Ƙwararru kan haƙa rami su yanke ginshiƙin dusa, su ɗora shebur a kansa su bubbuga sau 30, goma da wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, su ga a bugu na nawa ya karye. Sannan suna gudun kwazazzabo da gindin ƙorama, domin a nan ƙaramar zaftarewa ma na tara dusa mai zurfin mita da yawa a kan mutum. In ya zama dole a ratsa wuri mai shakka, ɗaya bayan ɗaya ake yi, sauran na kallo daga inda babu hatsari.

Kowa na ɗauke da abu uku: na'urar da ke aika sigina daga jikinsa, doguwar sanda mai naɗewa ta soka dusa, da shebur. Dalili shi ne lokaci. Wanda aka tono cikin minti 10 na farko, kusan 9 cikin 10 na rayuwa. Bayan minti 35 adadin ya faɗo zuwa kusan 3 cikin 10, saboda numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba ya cika isowa a cikin wannan tazara, abokin tafiya ne ke ceto. Masu ceton ma ba su tsira ba: a watan Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, ƙanƙara ta binne wata ƙaramar bas, washegari ta biyu ta sauko kan masu aikin tono, jimillar mamata ta haura 40, akasarinsu waɗanda suka zo taimako. Duk wanda ya taɓa ganin samari na faɗawa ƙorama ɗaya bayan ɗaya don ciro wanda ruwa ya ja, ya san irin wannan rashi.

'Yan bida a cikin ƙanƙara

Galibin matasan Adar da ke tafiya bida Libiya suke nufa, ko Aljeriya, Najeriya da Kodebuwa, su dawo da damina ko bayan shekara biyu. Tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, hanyar Tawa zuwa Agadas ta sake cika. Kaɗan ne ke ƙetare teku, amma akwai su, tare da 'yan Najeriya da Gini da Mali da Kodebuwa. Wanda ya sauka Italiya yana son shiga Faransa, tsaunukan Alps ne a gabansa.

Bayan Faransa ta dawo da binciken kan iyaka a 2015, hanyar bakin teku ta Ventimiglia ta yi wuya, sai mutane suka koma sama. Daga 2017 dubbai sun bi ta Bardonecchia su haura mashigar Échelle mai tsayin mita 1,762, ko ta Claviere da Montgenèvre, su gangara garin Briançon. Titin Échelle rufe shi ake yi da hunturu, kuma yana ratsa wuraren da ƙanƙara ke zaftarewa. Masu bin sa na tafiya ne da dare, da takalmin kanbas da wandon jins, suna kauce wa hanya don gudun 'yan sanda, wato suna shiga daidai kwazazzaban da ƙwararru ke gudu da rana tsaka. A 2016 an yanke wa wani matashi ɗan Mali ƙafafu bayan sanyi ya cinye su a wannan mashiga. A watan Mayun 2018, da ƙanƙara ta narke, an tsinci gawa uku a yankin, ciki har da ta wata matashiya 'yar Najeriya a kogin Durance.

Gaskiyar magana, sanyi da faɗuwa da ruwan kogi sun fi zaftarewa kashe mutane a wannan hanya. Amma duk tushensu ɗaya ne, mutum ya shiga ƙasar da bai iya karanta ta ba. Mazauna Briançon, ciki har da masu jagorancin hawan dutse, sun kafa masauki a 2017, suna kuma fita sintiri da dare da shayi da barguna don tsinto waɗanda suka ɓata. Akwai wani masaukin a Oulx, ɓangaren Italiya, inda ake ba da takalma da riguna masu kauri. Lambar 112 kyauta ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai, sanarwar hatsarin ƙanƙara ma kyauta ce a waya. Wanda ya ga 3 ko fiye, kuma bai taɓa taka dusa ba, ba shi da abin da zai nema a jikin gangare. Wannan ya haɗa da ɗalibanmu na Maroko da Aljeriya da ke zuwa yawon buɗe ido Toubkal, mai tsayin mita 4,167, ko duwatsun Djurdjura, don ɗaukar hoton da za a sa a Facebook.

Ranar kasuwa

A farkon shekarun 2000 wani mai bincike ɗan Amurka, Ian McCammon, ya bi diddigin ɗaruruwan haɗuran ƙanƙara, ya gano cewa da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su sun ga alamomin, sun kuma san ma'anarsu. Abin da ya tura su shi ne sabo da wurin, ko sun riga sun ƙudura sai sun kai, ko sun ga sawun wasu a gaba, ko sun sakar wa wanda suke ganin ya fi su sani. A ɗauki wannan a kai shi bakin ƙorama ranar kasuwa. Direba ya bi hanyar sau ɗari. Fasinja sun biya, kayan gwari na lalacewa, kasuwa sau ɗaya take ci a mako. Wata babbar mota ta ƙetare yanzun nan a gaban kowa. A cikin motar kuma babu mai son a ce shi ne matsoraci, balle mace ko yaro su ɗaga murya a gaban manya.

Alƙaluman hukumar yanayi ta Amurka sun ce ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 na iya kayar da babban mutum, santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma na tafiya da galibin motoci. Santimita 60 bai wuce gwiwa da kaɗan ba. Ga shi jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙasansa, ta yiwu shimfiɗar simintin da aka yi a gindin ƙoramar maimakon gada ta riga ta karye.

Wani jagoran hawan dutse ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya shahara da tsarin da ke tilasta wa mutum yin tambaya uku a wuri uku: yaya yanayi, yaya ƙasa, su wa nake tare da su, a tambaya tun a gida, a sake a bakin daji, a sake a gaban gangaren. Amfaninsa shi ne an yanke shawara tun kafin zuciya ta ɗau zafi. A ganina wannan ne abin da ya fi saurin aruwa. Ƙungiyar direbobi a tasha za ta iya tsayar da doka tun rani: in ruwa ya taɓa alama kaza ba mai shiga, kuma kuɗin fasinja ba ya ƙonewa don an kwana a hanya.

Ma'auni mai launi ba sabon abu ba ne a Nijar. A Yamai ana auna kogin Kwara kullum, jan layi na kan santimita 620, kuma a watan Satumban 2020 ruwan ya kai 700. A kan kogin Sirba akwai tsarin gargaɗi na SLAPIS mai launi huɗu, kore, rawaya, ruwan lemo da ja, wanda aka kafa tare da masana daga Italiya. Cibiyar AGRHYMET da hukumar yanayi ta ƙasa na fitar da hasashen damina da na kwanaki. Sai dai kogi na ba da sa'o'i ko kwanaki kafin ya iso, ƙoramar Adar kuwa wani lokacin ko awa guda ba ta bayarwa, kuma hasashen da ya ce za a yi ruwa a jihar Tawa bai gaya wa mai amalanke a Babankatami komai ba game da mashigar da ke gabansa.

Nan ma akwai abin dubawa a Davos. Duk da na'urorin da cibiyar SLF ta kafa a kan tsaunuka, sanarwarta na dogara ne da mutum kusan 200 da ke zaune a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda ke auna dusa da safe su aika abin da suka gani. Adar na da irin waɗannan mutane, har ma da tsarin da za a ɗora su a kai: kwamitocin gargaɗin gaggawa na ƙauyuka da ake kira SCAP-RU, gidajen rediyon al'umma, da wayar salula da ta shiga kusan kowane gari. Abin da babu shi ne a haɗa ƙauyen da ke saman kowace ƙorama da tashar motar da ke ƙasanta, a san wa zai kira wa in hadari ya sauka, a kuma kafa turken siminti mai fenti kore da rawaya da ja a kowace mashiga, yadda fasinja da kansa zai ga inda ruwa ya kai ba sai ya jira hukuncin direba ba.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ke riƙe da Babankatami da sauran garuruwan Buza da Keita da Madawa. Manyan hanyoyi na ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka, na karkara kuma galibi a wuyan ƙananan hukumomi suke. Turke da gwangwanin fenti uku ba su fi ƙarfin kasafin ko wacce daga cikinsu ba, kuma da rani ake kafa su, lokacin da gindin ƙorama ke bushe.